Rele statik da zafin Maradi: abin da aikin tablo ya koya mini

Duk injin da ke aiki da zafi a garin nan, tanderun burodi na lantarki ne, injin liƙe ledar ruwa ne, ko na ƙyanƙyasar ƙwai, buƙatarsa ɗaya ce: a kunna wuta, a kashe, a sake kunnawa, ba hutu, don zafin ya tsaya inda ake so. Da kontaktar muka saba, wato makunnin da maganaɗisun lantarki ke buɗewa da rufewa. Shi kuwa ƙarfe ne ke bugun ƙarfe, kowane bugu da ɗan tartsatsin da ke cin bakinsa. Idan na'urar daidaita zafi tana ba da umarni kowane sakan 2, bugu 1,800 ke nan a awa, sama da 43,000 a dare da yini. Kontaktar da aka ƙera don bugu miliyan ɗaya ba zai cika wata ba. Ta wannan ƙofa rele statik, makunnin lantarki da ake rubutawa SSR a jikin kwali, ya shigo aikinmu.

Ba abin da ke motsi a cikinsa. Ɓangaren umarni yana karɓar 'yar wutar DC, volt 3 zuwa 32, ta kunna wata mitsitsiyar fitila a ciki, haskenta ya ta da tiriyak, wato ɗan makunnin ilektronik ɗin da ke riƙe da volt 220 na kaya. Haske kaɗai ya haɗa ɓangarorin biyu, shi ya sa babbar wuta ba ta komawa ta ƙone na'urar umarni. Yawancinsu ma sai wuta ta zo daidai sifili suke kunnawa, kuma a wutarmu mai hertz 50 hakan na faruwa sau 100 a sakan.

Wannan duk ana koyarwa a aji. Wanda tablo, wato akwatin haɗa wutar injin, ya koya mini shi ne lissafin zafi. Tiriyak ba ya wuce da wuta kyauta. Yana riƙe volt 1 da 'yan kai, ya mai da shi zafi. Tanderu mai kilowat 6 yana jan amfiya wajen 27, wato sama da wat 30 na zafi a cikin abin da bai cika tafin hannu ba. Lambar 40 A da ke jikinsa kuwa da sharaɗi aka rubuta ta: a ɗaure shi kan radiyatar alminiyam, a shafa man nan mai kai zafi tsakaninsu, kuma iskar wurin kada ta wuce digiri 40, wasu kamfanonin ma ƙasa da haka suke ɗauka. To, a Afrilu da Mayu inuwa kanta ta wuce 40 a Maradi, balle cikin akwatin ƙarfe a rufe, ƙarƙashin kwano, kusa da tanderu. Hunturu ya zo kuma, ƙura ta cika tsagogin radiyatar ta toshe fanka. Ni yanzu ninki nake yi: kaya na jan 27, na sa mai 60, da babbar radiyata, a tsaye yadda iska za ta ratsa ta daga ƙasa zuwa sama.

Masu injin ba sa son jin haka. Wani ya ce da ni, "Malam, mai 40 fa ya fi araha, kuma 27 ka ce." Na ce, "Alhaji, taɓa akwatin nan da azahar tukuna, sai mu yi ciniki." Arahar ma abin dubawa ce. Jabu ya cika kasuwa: 40 A a takarda, in ka fasa ka tarar da tiriyak na 12 ko 16. Farashin da ya yi daɗi da yawa shi ne alamar farko.

Abin da ya fi damuna da shi shi ne yadda yake mutuwa. Kontaktar in ya fara gajiya yana kuka, yana wari, har yaron shago ya san da matsala. Rele statik shiru yake aiki, shiru yake lalacewa, kuma galibi a kunne yake maƙalewa. Na'urar umarni ta ce a kashe, fitilar rele ta mutu, amma wuta na ci gaba da shiga kaya. A injin ƙyanƙyasa, ƙwai sun dahu ke nan. Saboda haka ban yarda da masu cewa ya kori kontaktar ba. Kontaktar na nan a gabansa, an haɗa shi da ma'aunin zafi na biyu mai zaman kansa, wanda zai yanke komai in zafi ya wuce iyaka. A yini sau ɗaya ko biyu zai buga, ya daɗe yana aiki.

Ko lafiyarsa lau, a kashe ma yana yoyon 'yan miliamfiya. Mita za ta nuna wuta, ƙaramar fitilar LED ta riƙa lumshi. Kullum ina gaya wa yara kada hannu ya shiga sai an sauke disjonktar, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa. Shi kuma disjonktar ba ya ceton tiriyak in waya ta haɗu, don kafin ya faɗi an gama. Fis mai saurin yankewa ake sa masa, da baristans, ɗan abin da ke shanye wutar da ta yi tsalle, saboda lokacin da aka koma kan gurup, wato janareta.

Da sola ta yawaita, wani kuskure ya bayyana a tablo da ake kawo mana gyara: a ɗauki rele na AC a sa a layin batir. Zai kunna, amma ba zai kashe ba, domin tiriyak sai wuta ta sauka sifili yake saki, wutar batir kuwa ba ta sauka. Na DC daban ne, da MOSFET, wani nau'in tiransista, a ciki maimakon tiriyak. Kan mota ma, wato injin lantarki mai juyawa, a yi hattara, tunda a tashi tana jan ninki 5 zuwa 7 na abin da take ci. Famfon rijiya da injin niƙa, waɗanda ake kunnawa sau kaɗan a yini, har gobe kontaktar nake sa musu.