Thomas Starzl da yadda dashen hanta ya tashi daga gwaji ya zama magani

Idan ana maganar tasirin masani, lissafi ake fara kawowa. Na Thomas Starzl, likitan fiɗa ɗan Amurka da ya rasu a 2017, ba ƙarami ba ne: maƙalu sama da 2,200, kuma a 1999 cibiyar ISI, mai ƙididdige yadda masana ke kafa hujja da maƙalun juna, ta ce babu wanda aka fi kafa hujja da aikinsa a fagen likitancin asibiti. Sai dai a ganina lissafin bai nuna komai ba sai an buɗe takardun. Da yawa daga cikin na farko bayani ne na yadda majinyata suka mutu, da abin da ya kashe su.

Ranar 1 ga Maris 1963, a birnin Denver na Amurka, ya yi dashen hanta na farko a jikin ɗan Adam. Yaro ne ɗan shekara uku da aka haifa da toshewar bututun maɗaci. Jini ya ƙi tsayawa, yaron ya cika a kan tebur. Dalilin a fili yake: hanta ce ke ƙera yawancin sinadaran da ke daskarar da jini, sannan idan ta taurare tana tare jinin da ke zuwa daga hanji, jijiyoyin ciki su kumbura, duk inda wuƙa ta taɓa sai ambaliya. Ga majinyatan da suka biyo baya sai aka ba da magungunan daskarar da jini. An gudu ba a tsira ba, don gudajin jini sun taru a robar da aka karkatar da jinin ta cikinta, suka zarce huhu. A cikinsu babu wanda ya wuce kwana 23. Starzl ya dakatar da aikin, ya koma kan karnuka a ɗakin gwaji, sai a 1967 aka samu yarinya 'yar wata 18 da ta rayu kimanin kwana 400 bayan dashe, kafin sankarar da ta kawo ta ta dawo.

Tsarin tiyatar da ya shimfiɗa shi ake bi har yau da 'yan gyare-gyare. Ana cire tsohuwar hanta, a sa sabuwar a gurbinta, a yi ɗinki biyar: babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya ta sama da ta ƙasa, jijiyar da ke kawo jini daga hanji, ƙaramar jijiyar da ke kawo jini mai iskar oksijin, sai bututun maɗaci. Tsakanin cirewa da haɗawa majinyaci ba shi da hanta kwata-kwata, an kuma matse manyan jijiyoyi, jini ya ragu a zuciya, hanji da ƙoda su cushe. Wajen 1984 tawagarsa a Pittsburgh ta fito da famfon da ke zagaye da jinin zuwa jijiyar hammata ba tare da hefarin, maganin hana jini daskarewa, ba. Ƙananan ɗinkuna biyun nan na ƙarshe, na ƙaramar jijiyar da na bututun maɗaci, su suka fi ba likitoci ciwon kai. Bututun maɗaci daga ƙaramar jijiyar nan kaɗai yake samun jini, saboda haka idan gudan jini ya toshe ta, abin da ya fi faruwa a yara, bututun ya mutu, maɗaci ya yi yoyo ko hanyar ta tsuke.

Duk da haka ba wuƙa ce ta warware matsalar ba. Garkuwar jiki na ɗaukar sabuwar hanta baƙuwa, ta far mata. Da magungunan farko, kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke kai shekara. Roy Calne na Kambirij a Ingila ya fara gwada siklosforin, maganin danne garkuwar jiki, amma shi kaɗai da yawa yana lalata ƙoda. A 1980 Starzl ya rage adadinsa ya haɗa shi da firednison, masu kai shekara suka tashi zuwa wajen kashi 70 cikin ɗari. A 1983 taron ƙwararru na hukumar binciken lafiya ta Amurka (NIH) ya amince cewa dashen hanta magani ne, ba gwaji ba. Starzl da Calne sun raba kyautar Lasker ta binciken likitanci a 2012.

A 1989 Starzl ya fara ba majinyata takrolimus, maganin da kamfanin Fujisawa na Japan ya samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa. Shi ne ginshiƙi a yanzu, amma ba ya son wasa. Ana auna shi a jini kafin a sha ƙwayar safe, ba bayan an sha ba. Ya yi yawa, ƙoda ta taɓu, hannu ya yi rawa, suga ya hau. Ya yi kaɗan, jiki ya ƙi hantar. Maganin tarin fuka rifamfisin na zubar da matakinsa ƙasa sosai, abin da ke shammatar likitan da bai duba jerin magungunan majinyaci ba.

A 1992 Starzl ya gano ƙwayoyin halittar mai kyautar hanta a fata da jinin mutanen da suka daɗe da dashe, ya ce su ke sa jiki ya haƙura. Masana na gardama har yanzu kan ko su ne sanadin haƙurin, ko alamarsa kawai.