Godiya bayan taron koyar da sana'o'i kyauta

Alhamdulillahi an gama lafiya. Sai yau na iya ɗaukar waya na rubuta wani abu, jiya wuni na yi a kwance, muryata har yanzu a dishe take ƙafafuna kuma kamar ba nawa ba. Duk kun san faman da aka sha kafin ranar, ɗagewar da aka yi har sau biyu da maganar wuri da ta so ta gagare mu, ba sai na maimaita ba. Na zo ne in ce na gode, kuma akwai abu ɗaya da tun ranar ya ƙi barin zuciyata sai na faɗe shi.

Waɗanda ke wajen teburin sabulu sun gani da idonsu. Tun kafin a taɓa komai Inna, dattijuwar da ta koyar da haɗa sabulun, ta tsaya ta yi mana kashedi har sau uku, ta ce soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, don ruwan na ɗaukar zafi nan take har ya kusa tafasa ya fantsamo wa mutum. Ta ce a nemi roba mai kauri, banda tukunyar alminiyam don soda cinye ta take yi, kowa kuma ya sa safar hannu kar a sunkuya a shaƙi tururin. Duk an ji an bi. To amma mutane sun fi yadda muka zata yawa, aka matse teburin, yarinyar maƙwabciyata ta cire safa ɗaya don ta share gumi, daidai lokacin wani ya bugi teburin daga baya ruwan sodan ya fallatso mata a bayan hannu.

Wallahi ihun da ta yi har yanzu ina jin sa a kunnena. Ni da na tara mutane na tsaya kamar an dasa ni, ba abin da ke yawo a kaina sai me zan ce wa uwarta, da safe ta damƙa min ita ta ce ga amana nan. Kowa na faɗin nasa, wannan ta ce a shafa mai, waccan ta ce a kawo man goge baki. Inna ko kallon kowa ba ta yi ba, ta cafki hannun yarinyar ta ja ta sai bakin famfo, ta zare mata zobe ta naɗe hannun rigar ta sakar mata ruwa, ta ɗaga murya ta ce kar wanda ya shafa mata komai, ruwa kawai. Minti 20 cur tana tsaye da ciwon gwiwarta, zaninta ya jiƙe sharkaf, yarinyar na son janye hannu tana cewa Inna ya isa ya daina zafi, ita kuma tana cewa a'a jikata, soda ba ta barin fata da wuri, yi haƙuri saura kaɗan, kalle ni kar ki kalli hannun. Da aka kai ta aka duba, ma'aikaciyar jinyar ta ce ruwan da aka yi saurin sakar mata ne ya sa ƙunar ba ta shiga ciki ba. Laifin matsatsin nan nawa ne, ni ya kamata in ja layi in hana a taru a kan teburin, na ba uwar yarinyar haƙuri a gida kuma ina ƙara ba ta a nan gaban kowa.

Abin da ya sa ni kuka kuma shi ne bayan sun dawo. Na ɗauka yarinyar nan ta gama da sabulu har abada, ta zauna can gefe tana kallo da bandeji a hannu. Inna ta kira ta, ta sa mata safa da kanta a ɗaya hannun, ta miƙa mata muciya ta riƙe wuyan hannunta suna juyawa tare har haɗin ya yi kauri, ta ce ɗiga a kai ki gani, in ɗigon ya bar alama bai nutse nan take ba to ya yi, a zuba a mazubi. Daga nan ta ciro wani tsohon littafi duk ya sha mai, awon da take amfani da shi shekara da shekaru, da shi ta ci da 'ya'yanta, ta karanto wa mata sama da 30 suna rubutawa, tana nanata cewa a sikeli ake auna soda da mai, ba da ido ko kofi ba. Wata ta tambaye ta Inna ba kya tsoron mu ƙwace miki kasuwa, ta ce kowa da rabonsa 'yata, in na tafi da shi kabari wa zai amfana. Inna na san kin ce kar a ambace ki, ki yafe min, ba zan iya yin shiru ba.

Baba mai gyaran keken ɗinki shi ma ya ce kar a sa shi a ciki, to Baba ka yi haƙuri. Keke shida aka kawo masa duk an yanke musu ƙauna, bai gyara ko ɗaya da hannunsa ba, sai ya sa masu su su kwance da kansu yana nuna musu, wata ashe allura ce kawai aka sa a juye shi ya sa zare ke tsinkewa, wata kuma ƙurar yadi ce ta cushe ƙarƙashin faranti. Ƙanenmu mai gyaran waya ya rufe shagonsa wuni guda ya zo ya zauna da samari, har wanda wayarsa ta faɗa ruwa ya koyi cewa kashe ta ake yi ba a jona ta a caji. Yaya mai saƙa ta zo da zarenta da kwarashinta ta raba ba ta karɓi ko ɗaya ba da aka tashi. Yaran da suka yi shara da ɗaukar kujeru har dare, ban san sunan wasunku ba ma, Allah ya san ku.

Akwai 'yan uwa na jini da suka yi alkawarin zuwa, har da wadda ta ce ita za ta riƙe min teburin sabulun nan, ba su zo ba ko kira babu har yau. Ba komai, wataƙila uzuri ne, amma gaskiya na ji a raina, a lokacin da na tsaya jikina na rawa na waiga ina neman fuskar nawa ban ga ko ɗaya ba. Allah ya sa lafiya ce.

Ya Allah duk wanda ya koyar da ko ɗinkin maɓalli ne a ranar nan ka sa ya zame masa ilimi mai amfani da ladansa ba ya yankewa. Allah ka ba Inna lafiyar gwiwa, ka ja da kwananta, ka sa jikokinta su riƙe ta yadda ta riƙe 'yar mutane, ka haskaka kabarin iyayenta da suka haife ta. Allah ka buɗa wa Baba da ƙanenmu ninkin abin da suka bari suka zo, ka warkar da hannun yarinyar nan ba tabo, ka sa wa waɗanda suka koya albarka a hannayensu, ka jiƙan iyayenmu baki ɗaya. Amin ya Rabbi.

Masu sabulu dan Allah kar a yi gaggawar wanka da shi, Inna ta ce a yanka a jera a inuwa inda iska ke shiga, sai ya yi sati 4 zuwa 6 tukuna. Akwai almakashi biyu da tabarau ɗaya da aka manta, suna wajena.