Jitar da Ba a Yi Mata Tsawa

A Jos na sami jitar nan, a hannun wani dattijo da ya yi shekaru yana kaɗawa a ƙungiyar makaɗan otel. Ƙirar Japan ce ta shekarun 1970, kwaikwayon jitar kamfanin Gibson mai suna ES-175, wadda aka fara fitarwa a Amurka a 1949 a kan dala 175, inda ta samo sunanta ke nan. Cikinta fayau yake kamar ƙwarya, da tsaga biyu a fuskarta, da maganaɗisu biyu masu ɗaukar sauti zuwa amfilifaya. Fentin bayan wuyanta ya goge tas daidai inda babban yatsansa ya saba zama. Da zai miƙo mini ita sai ya ce, "Ɗana, wannan ba a yi mata tsawa." Na ce, "To, Baba," alhali ban fahimci komai ba.

A daren farko na kwance tsirkiyoyi shidan nan gaba ɗaya don in sa sababbi, sai na ji ƙwal a ƙasa. Ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa ne ya faɗo, irin wanda masu goge ke kira jaki. Ashe a irin wannan jita ba a manne shi, ba a kafa masa ƙusa, matsin tsirkiyoyi kaɗai ke riƙe da shi. In ya gusa ko da kaɗan ne, duk abin da ka danna can ƙasan wuya sai ya fito a karkace. Dare uku na yi ina matsar da shi gaba da baya, ina gwada sautin tsirkiya idan an danne ta a ƙarfe na 12 na wuya da sautinta idan ba a danne ta ba, kafin ya koma mazauninsa. Tun daga ranar ɗaya bayan ɗaya nake canza su.

Tsawar da Baba ya faɗa kuwa, a wani ɗan taro na gane ta. Mai ganga ya ɗaga hannu, ni ma na ƙara murya, ga lasifika a bayana kai tsaye. Kafin in ankara jitar ta ɓarke da wani ƙugi mai cika kunne, har ina jin katakon yana rawa a ƙirjina. Sautin lasifika ne ke shiga ƙoƙon cikinta ya girgiza fuskar, fuskar ta girgiza tsirkiyoyi, maganaɗisu ya kwashe ya sake mayar wa lasifika, abu ya yi ta zagaye. Tsohuwar matsala ce. B.B. King, shahararren makaɗin jita na Amurka, ya riƙa cusa tsumma a tsagogin jitarsa saboda haka, kuma a 1958 Gibson ta fito da ES-335 mai gungumen katako a tsakiyar ciki don kashe wannan kukan. Ni ma na cusa soso. Ƙugin ya tafi, amma ya tafi da zaƙin katakon nan da na biya kuɗina dominsa. Kwana biyu na zare shi. Yanzu gefen wuyan jitar nake ajiye amfilifaya, ɗan nesa da ni, in rage kaurin sauti, in kwantar da damtsena a kan fuskarta, in kuma roƙi mai ganga ya sassauta.

Tsirkiyoyinta masu kauri ne, masu santsi, irin waɗanda makaɗan jaz, wani salon kiɗan Amurka, ke so don ba sa ƙara idan yatsa ya zame a kansu. A siririyar jitata ta dā, buluz ɗina, wato salon kiɗan baƙaƙen Amurka da nake kaɗawa, duk tura tsirkiya sama ne har ta yi kuka, in riƙe kukan ya daɗe. A nan tsirkiya ta uku ta ƙi turuwa, yatsuna suka yi kanta. Sautin ma ba ya jimawa, da ka kaɗa zai fito da kauri ya mutu da wuri, kamar na gurmi. Da farko na ɗauka aibi ne. Sai da na zauna na saurari tsofaffin makaɗan jita na Amurka, Charlie Christian, wanda ya shiga ƙungiyar makaɗan Benny Goodman a 1939 da jitar Gibson ES-150 a hannunsa, da kuma T-Bone Walker, na ji yadda suke jera sauti ɗaya bayan ɗaya kamar mai busa, su tsaya su numfasa, su ci gaba. Na koyi zamewa in shiga sauti daga ƙasa maimakon tura shi. Na koyi barin fili a cikin zagayen buluz mai gaɓa 12, in faɗi magana, in yi shiru, in ba kaina amsa. Kunnen da ya tashi da amshi tsakanin mawaƙi da 'yan amshinsa bai sha wahalar gane wannan ba.

Marigayi Wes Montgomery, makaɗin jitar jaz na Amurka, da naman babban yatsansa yake kaɗawa, domin da dare yake atisaye a gidansa a Indiyanafolis, ba ya son damun mutane. Ni ma gidan haya nake, bango ɗaya da maƙwabci mai jariri. Na ajiye ɗan roban kaɗawa, na koma yatsa. A nan na fi ƙaunar jitar nan, domin ko ba wuta tana magana, kuma duk taɓin da ka yi mata, mai kyau ko mai ƙazanta, sai ta faɗa wa kowa.

Hunturu kuma abokin gabarta ne. Katako kan bushe ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su fara soke yatsa, fuskar na iya tsagewa. Daga Nuwamba nake sa jiƙaƙƙen soso a cikin kwanon sabulu mai huji, in rufe su tare a akwati.

Bara na kai wa Baba ita ya gani. Ya juya ta, ya leƙa tsagar da ido ɗaya, ya ce, "Ka cusa mata tsumma, ko?" Na ce, "Kwana biyu kawai, Baba." Ya mayar da maɓallin murya kan 3, ya ɗora babban yatsansa inda fentin ya goge, ya fara kaɗawa.