Zama a Damagaram, Mirya ko garuruwan kudu: abin da za ka lissafa tukuna

Duk mai neman gidan haya a Damagaram, tambayar farko da ya kamata ya yi wa dillali ita ce yaushe famfo yake kawo ruwa a unguwar. Garin a kan dutse yake zaune, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga wurare irin su Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya tsananta, unguwannin da ke kan tudu su ne suke fara rasa shi, don ƙarfin ruwan ba ya kai musu sai cikin dare. Gida mai mutum 8, in kowa zai sami lita 20 a yini, yana bukatar lita 160, wato jarka 7 mai lita 25. In garuwa ne zai kawo, sai ka haɗa kuɗinsa da na haya kafin ka ce gidan ya yi araha. Ka kuma duba ko akwai wurin aje tano ko randa babba, da rufi mai kyau saboda sauro.

Mirya ba ta kai kilomita 20 daga Damagaram ba, kuma tana kan kwalta. Akwai lambuna, akwai masu ginin tukwane, kasuwarta ta Lahadi tana cika, haya ta fi sauƙi. Ma'aikaci ko ɗalibin Jami'ar André Salifou zai iya kwana can ya yi sammako. Inda lissafin ke ɓaci shi ne kuɗin mota kullum, zuwa da dawowa, ga jiran mota ta cika a tasha. Mai babur nasa ne kaɗai yake cin ribar wannan zama, shi ma ya guji tafiyar dare.

Matamaye da Magarya kuwa fuskarsu Najeriya take kallo. Ruwa yana kusa a ƙasa, ga rake da kayan lambu. Naira da sefa duk suna yawo a kasuwa, don haka mai albashi da sefa ya riƙa tambayar 'yan canji farashin ranar kafin ya shiga ciniki. Wanda bai yi ba, a bakin teburin mai kaya zai yi asara. In aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2019 da 2023, waɗannan garuruwa ne suke fara ji a jika.

Tanut tana arewa, kan hanyar Agadas, bayan matatar mai ta SORAZ. Ƙasar Damargu ce, ta gero da dabbobi, amma ruwanta ya fi na Damagaram wuya. Mai ciwon da ke bukatar babban asibiti lokaci-lokaci, gara ya zauna kusa da birni, don tafiyar ta wuce kilomita 100.