Kullutun da ya fito wa dokina a ƙarƙashin sirdi

Bayan hawan angwancin wani abokina na sauke wa dokin sirdi, ina shafa bayansa kamar yadda na saba sai na ji wani abu kamar ƙwallon goro a gefen dama, daidai inda sirdi yake zama. Babu zafi, babu ruwa, gashi ma yana nan a kansa, na danna dokin ko motsi bai yi ba. Yaron da yake kula min da shi ya ce ai oga reza kawai za a sa a tsaga a matse, wani dattijo kuma a barga ya ce a shafa baƙin mai na inji. Allah ya taimake ni ban bi ko ɗaya ba.

Toh abin da na gane daga baya, bayan likitan dabbobi ya zo ya duba, shi ne ba duk kumburin bayan doki ne iri ɗaya ba, mu ne muke haɗa su mu ce ciwon sirdi. Akwai mai laushi da ɗumi wanda yake tasowa jim kaɗan bayan an sauke sirdi, wannan matsi ne kawai, in aka zuba ruwan sanyi aka bar dokin ya huta yakan sace kafin gobe. Akwai ƙananan ƙuraje masu zafi da suke fitowa a gindin gashi, su kuma gumi da datti ne suke kawo su, musamman da damina ko in zubuka, wato shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin sirdi, ta jiƙe an mayar da ita haka nan ba a shanya ba. Sai irin na dokina, mai tauri marar zafi, likitan ya ce yawanci jikin dokin ne yake mayar da martani ga cizon ƙwari, wurin ya dunƙule, sirdi kuma ya yi ta gugarsa. Irin wannan in ya daɗe yakan ƙara tauri kamar tsakuwa, a nan allura ba ta cika yi masa komai ba sai dai a cire. Nawa da yake an kama shi da wuri allura ya yi masa a wurin, a hankali ya ragu.

Amma gaskiya laifin da ya fi yawa namu ne mahaya. Sirdi ɗaya ne za ka ga ana ɗora wa dawaki uku huɗu a barga, wannan ƙato wannan siriri, alhali faɗin bayansu ba ɗaya ba ne, kuma sirdinmu na gargajiya katako ne, ba ya lanƙwasawa ya bi jikin doki, in bai zauna daidai ba duk nauyinka wuri ɗaya zai taru. Ga kayan ado, ga jalala, ga majayi an ɗaure tamau, a hau tun hantsi ba a sauka ba sai la'asar, lokacin sallah ma kwana uku huɗu a jere. Kuma doki yakan rame ya canza jiki, sirdin da ya yi masa daidai bara ba lallai ya yi masa bana ba. Ni yanzu in na sauke sirdi sai na kalli yadda gumi ya kwanta, in ko'ina ya jiƙe amma ga wani ɗan wuri a bushe to nan ne ake matse shi. Farin gashin nan da kuke gani tabo-tabo a bayan dawaki masu duhun launi irin aharas ko akawal, ba ado ba ne, tsohon ciwon sirdi ne.

Maganin farko dai kowa ya san shi amma ba a son ji, a daina hawa har wurin ya warke. Nawa sati uku ya yi ba sirdi, jan shi kawai ake yi da ragama a zaga da shi. In fata ta ɗaye a wanke da ruwan ɗumi da gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, a sa aidin da aka sirka, a kore ƙuda. A tambayi likita zancen allurar tetanus ma domin doki ba ya jure wannan cutar ko kaɗan. Zubuka a riƙa wankewa, a kakkaɓe yashi a bayansa kafin a ɗora komai, don ƙwayar yashi ɗaya ƙarƙashin sirdi ta isa.

Reza kuwa don Allah a bari. Akwai wani ƙari da dawaki suke yi a fata mai kama da kullutu ko tsiro, in aka yanke shi ba daidai ba sai ya dawo ya fi da girma da muni, kili kuma, wato farin doki, in ya tsufa yana da nasa baƙin ƙarin daban. In kuma kuka ga kulluttai sun jeru kamar carbi suna fashewa da mugunya, ku ware dokin, kar a haɗa masa kaya da sauran, a kira likita ranar.

Sirdin nawa na kai wa baduku ya sake masa cikon ƙasa, ashe gefen daman ya daɗe da lotsewa ni ban taɓa juya shi na duba ba.