Bugun fitar da ƙwallo a wasan futi: abin da baƙo a Melbon ya kamata ya sani

Duk wanda ya sauka Melbon tsakanin watan Maris da Satumba, kafin ya gama sanin layin jirgin da zai kai shi wurin aiki za a tambaye shi wace ƙungiya yake goyon baya. Ba Firimiya ake nufi ba. Futi ake nufi, ƙwallon 'yan Ostireliya mai siffar ƙwai, wadda ake bugawa da ƙafa, a cafe da hannu, mutum 18 kowane ɓangare. Ita ce hirar safiyar Litinin a ma'aikata da bakin ƙofar makarantar yara, har hutu ake bayarwa a jihar Biktoriya ranar Juma'ar jajibirin wasan ƙarshe. Wanda ba ya jin wasan, zaman kurame yake yi cikin mutane.

Turaku huɗu ne a kowane ƙarshen fili, biyu dogaye a tsakiya, biyu gajeru a gefe, tazarar mita 6.4 tsakanin kowane biyu. In aka buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen ba wanda ya taɓa ta, gol ke nan, maki 6. In ta bi ta gefe, tsakanin dogon turke da gajere, ko ta daki dogon turke, ko wani ya taɓa ta a hanya, maki 1 ne, shi ake kira bihayin. Shi ya sa allo ke nuna 12.10 (82): gol 12, bihayin 10. Bayan gol ana komawa tsakiyar fili. Bayan bihayin kuwa, ƙungiyar da aka ci ita ke da ƙwallo, ɗan bayanta ya fito da ita daga wani akwati mai tsawon mita 9 a gaban turaku. Wannan shi ne kik-in, kuma a nan baƙo ke kau da ido yana zaton hutu ne, alhali a nan wasan ke juyawa.

Dokar ta sha sauyi. Tun 2006 ba a jiran alƙalin turaku ya gama kaɗa tuta, da ya ɗaga yatsa mai bugu na iya tafiya. A wasan ƙarshe na 2008, 'yan ƙungiyar Hawthorn sun riƙa tura ƙwallo bayan layinsu da gangan har sau 11, su ba abokiyar karawarsu Geelong maki ɗaya su karɓi ƙwallo cikin natsuwa, suka kuma ɗauki kofi, 115 da 89. Shekarar da ta biyo baya aka sa hukunci a kan mai yin haka ba tare da an matsa masa ba. A 2019 aka yarda mai bugu ya fice daga akwatin a guje ba sai ya fara buga wa kansa ba, aka ja abokin hamayyar da ke tsaye gabansa zuwa mita 10 daga bakin akwatin, a 2021 aka mai da shi 15.

Wannan mita 15 ita ce ribar. MCG, babban filin wasa na Melbon, ya kai kimanin mita 160 a tsaye. Ɗan baya mai ƙafa, in ya ruga mita 10 zuwa 15 sannan ya buga mita 55, ƙwallo ta kusa tsakiyar fili da bugu ɗaya. Cafka ɗaya a nan, bugu na biyu ya shiga da'irar da aka zana mita 50 daga turakun abokan hamayya, na uku ya zama gol. Sai dai ya tuna dole ya buga ƙwallo a ƙasa duk mita 15 in zai ci gaba da gudu, kuma da ya taka waje da akwatin an halatta a kama shi.

Mafi yawan lokaci ba a samun wannan hanya a buɗe, domin masu tsaro ba mutum suke bi ba, wuri suke tsarewa, layi-layi kamar raga. Sai mai bugu ya nemi na kusa a kusurwa. Bugun dole ya yi tafiyar mita 15 kafin cafkar ta ba wanda ya cafe damar tsayawa ba a taɓa shi ba. In ya gaza haka alƙali zai ce a ci gaba, a danne shi a bakin gida. Kuskuren da aka fi yi bayan wannan gajeren bugu shi ne jinkiri. Wanda ya cafe ya tsaya waige-waige, masu tsaro su matso gefensa gaba ɗaya, fili ya rage rabi. Maganinsa a juya ƙwallo da sauri zuwa ɗaya gefen, amma juyin ta gaban turakunka yake bi, kuma in ya yi sama da yawa har ya daɗe a iska, kyautar maki 6 ce.

In kowace ƙofa ta rufe, sai a buga dogo ta bakin layi, kan ɗan wasan da ya fi kowa tsawo. Ba lallai ya cafe ba. Ya sauko da ita ƙasa inda ƙananan 'yan wasa ke jira a gabansa, ko ta fita waje bayan an taɓa ta. Da wuya wannan ya haifar da ci, amma da wuya ya jawo asara. Akwai kuma tsohuwar dabarar da ake dangantawa da koci Robert Walls tun yana ƙungiyar Fitzroy: 'yan wasa su cure wuri ɗaya a tsakiya, sannan su watse lokaci guda zuwa filin da suka bari a gefe. Tana cin masu bin mutum da mutum, ba ta cika tasiri a kan masu tsaron wuri ba.

A ganina bugun tsakiya shi ne ma'aunin ƙungiya. Ta nan aka fi ci, ta nan aka fi shan kashi, domin in aka tare ƙwallo a can, 'yan bayanka duk sun baje, hanya ta miƙe zuwa turakunka. Mai son gane wannan ya daina bin ƙwallo da ido. Ya kalli mutum biyu ko uku da ke gudu zuwa inda ba za a ba su ba, don kawai su ja masu tsaro su buɗe wa wani. Talabijin ba ta cika nuna su ba. Kujerar sama ta bayan turaku ce ke nuna su sarai.

Iyaye masu tunanin ko yaransu za su samu shiga su dubi Aliir Aliir na Port Adelaide, ɗan asalin Sudan ta Kudu da aka haifa a sansanin Kakuma na Kenya, wanda ya yi suna wajen tare irin waɗannan bugun, da Bachar Houli, Musulmin ɗan baya da ya ci kofi uku da Richmond a 2017, 2019 da 2020. Shirin koyar da futi na Auskick na ɗaukar ƙananan yara a filayen unguwa, yawanci da safiyar Asabar ko Lahadi, kuma iyaye ne ke taya koci jera mazugi da raba ƙwallaye.