Abin da busa saksofon ya koya mini

Sana'ata busa saksofon, kuma jaz nake busawa. Da ita na yi aure, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Na koya ne a Kaduna, a hannun wani dattijo da ya yi ritaya daga 'yan badujalar soja. Ba shi da yawan magana. Watannin farko bai bar ni na busa waƙa ko ɗaya ba, sai sauti guda da zan ja iyakar numfashina, in fara shi a hankali, in ɗaga, in sake kwantar da shi ba tare da ya yi rawa ba. In na ce, "Baba, yaushe zan fara waƙa?" sai ya ce, "Yaro, nemo muryarka tukuna."

Har yau da wannan nake buɗe aikin kowace safiya. Yatsu kowa yana iya horar da su su yi gudu, amma muryar ƙaho, wato saksofon ɗin, daga ciki take fitowa: yadda ka cika cikinka da iska, yadda ka buɗe maƙogwaro, yadda leɓenka na ƙasa ya riƙe rid, ɗan fallen karan nan da ake ɗaurewa a bakin busa. Shi ya sa in aka sa faifan Coleman Hawkins da na Lester Young, fitattun mabusan jaz na Amurka, mai kunne zai rarrabe su tun kafin su gama layin farko, alhali dukansu teno suke busawa, wato nau'in saksofon mai kaurin murya. Na Hawkins kauri gare shi da nauyi, na Young kuwa sakayau yake, a kwance.

Rid ɗin nan shi ne rabin damuwar mabushi. Daga wani kara ake yanka shi, wanda ake nomawa sosai a kudancin Faransa, kuma a kwalin rid mai guda 10 na alto, saksofon da bai kai teno girma ba, ba duka ne za su yi maka daɗi ba. Nakan jiƙa su, in gwada ɗaya bayan ɗaya, in sa wa masu kyau alama da fensir, in ajiye su don ranar wasa. Lokacin hunturu kuwa sai an yi da gaske. Iskar tana busar da rid har bakinsa ya lanƙwashe, fatun da ke toshe ramukan ƙahon su ƙanƙance, iska ta riƙa zurarewa, sai ka nemi sautin ƙasa ya ƙi fita. Masu gyara ba su da yawa a wajenmu, don haka na koyi zura 'yar fitila cikin ƙahon a ɗaki mai duhu, in danne maɓallai, duk inda haske ya leƙo to nan ne ɓarakar take.

Jaz kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, a New Orleans ya tashi farkon ƙarni na 20, kuma ban taɓa ɗaukar sa kamar gadon gidanmu ba. Zama na yi na koye shi da kunne. Nakan ɗauki busar Charlie Parker, gwanin busa alto, in yi ta maimaita ɗan guntu, in rera shi da baki, sannan in nemo shi a ƙaho, sannan in juya shi a matakan sauti 12 gaba ɗaya. Mutane suna ganin mabushin jaz yana ƙirƙira nan take su zaci abin da ya zo masa kawai yake yi. Ƙirƙirar tana tafiya ne a kan tsarin waƙar, kana ƙirga zagayenta a zuci, kunnenka na kan mai ganga da mai bas, kayan kiɗan nan mai tsirkiya da kaurin sauti. Sonny Rollins, shahararren mabushin teno, yana tsakiyar tashe ya janye daga wasa a 1959, ya koma yin atisaye a kan gadar Williamsburg a New York har 1961. Duk ranar da na ji kasala, shi nake tunawa.

Maganar abinci kuma daban ce. Jaz zalla ba ya ciyar da gida a Najeriya. Abin da ke riƙe ni shi ne wasan otal a Abuja da Legas, da bukukuwan aure, da koyar da yara, da ɗan aikin situdiyo. A otal kana busa mutane na cin abinci suna hira, ba mai kallon ka. Na ga abokan aiki da wannan ya kashe musu zuciya har suka koma busa ta cika aiki kawai. Ni dai na ɗauki kowane irin daren nan a matsayin atisayen da ake biya na. Kuma tun da wani mai shirya biki ya riƙe mana kuɗi bayan mun kwana muna aiki, ba na ɗaga ƙaho sai an biya rabi a hannu. Sha da shaye-shaye kuwa suna kewaye da sana'ar dare. Parker ya rasu a 1955 yana da shekara 34, ƙwaya da giya sun cinye jikinsa, kuma duk yaron da ya zo koyo wurina sai na gaya masa wannan tare da labarin gwanintarsa.

A gida ma ba a karɓi abin da sauƙi ba, don a wurin dangi mai kiɗa maroƙi ne. Abin da ya ƙarfafa ni shi ne labarin Yusef Lateef, Musulmi ɗan Amurka da ya tashi a Detroit, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kiɗanmu, har da sarewar Fulani. Sai na koma na zauna da masu algaita, waɗanda ke cika kumatu da iska suna shaƙa ta hanci busar ba ta yanke ba. A wurinsu na koyi wannan numfashin, kuma yanzu ina amfani da shi a teno, musamman a waƙoƙi masu tafiya a hankali inda nake son sauti ɗaya ya daɗe.